Hoton Sukuwa: Dabarar Raka Doki da Kyamara

Bayan la'asar, ranar Hawan Daushe, filin Ƙofar Kudu a Kano ba masaka tsinke. Sarki ya dawo daga Babban Ɗaki, ya tsaya ƙarƙashin laima, kakaki da tambari suna tashi. Sai dogarai su buɗe fili, mahaya su jeru daga can nesa, su sako dawakai a guje. Sai sun zo dab da gaban Sarki sannan su ja linzami, dawakai su yi zamiya, su kuma su ɗaga hannu su yi jinjina. Jahi ke nan, abin da dubban mutane suka sha rana suna jira.

A 'yan daƙiƙoƙin nan, duk hannun da ke riƙe da waya a sama yake. Masu manyan kyamarori kuma sun durƙusa a gefe, ba ka jin komai sai ƙarar ɗauka a jere.

Da dare ne, in an zauna duba abin da aka samo, murna ke komawa ciki. Na masu waya yawanci sun yi rawa, doki da mahayi da 'yan kallo duk sun cakuɗe, ba a gane kowa. Na masu kyamara sun fito tar, har zanen jalala ana gani, amma dokin ya daskare a wuri guda, mai kallo ba zai iya cewa sukuwa yake ko kilisa ba. Gudun da ya sa jama'a kururuwa bai shiga hoton ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani hoto na uku, wanda har yanzu bai yawaita a nan ba. A cikinsa fuskar mahayi da kan doki sun fito sarai, amma taron da ke bayansu ya zama zare-zaren launi a kwance, ƙafafun dokin kuma sun narke cikin ƙura. Masu sana'ar suna kiran dabarar da ke haifar da shi panin, wato raka abin da ke gudu da kyamara yayin da ake ɗauka. Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamban 2024, kuma matasan da ke yawo da kyamara a Kano da Katsina da Zariya suna ta neman abin da zai bambanta aikinsu da na kowa.

Abin da ke faruwa a cikin kyamara

Kowace kyamara tana da shota, wani labule da ke buɗewa ya bar haske ya shiga, sannan ya rufe. Tsawon lokacin da yake a buɗe shi ne komai a wannan magana. Ana auna shi da gutsuren daƙiƙa: 1/1000 na nufin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa guda, 1/30 kuma kashi ɗaya cikin talatin.

Dokin da ke sukuwa sosai yakan yi kamar kilomita 40 a awa, wato kimanin mita 11 a kowace daƙiƙa. In labulen ya buɗe na 1/1000, dokin bai gusa fiye da santimita ɗaya da ɗoriya ba, shi ya sa yake fitowa a daskare. In ya buɗe na 1/30, dokin ya ci kusan santimita 37 kafin a rufe. Kyamarar da ke tsaye wuri ɗaya za ta shafe dokin duka a wannan tazara, ta bar bango da 'yan kallo su fito da kyau, su da ba a zo dominsu ba.

Rakiya tana juya lissafin ne. Mai hoto yana karkata kyamara daidai da gudun dokin, ta yadda a idon kyamarar dokin bai motsa ba, duniyar da ke bayansa ce ke wucewa. Maharbin da ke bin tsuntsu a sama da bakin bindiga ya san wannan: ba ya tsayar da hannu ya jira, tafiya yake tare da tsuntsun, kuma ko bayan ya harba hannun bai tsaya nan take ba.

Daga dokin Stanford zuwa murmushin Bolt

Doki ma yana cikin abubuwan da suka fara jefa masu hoto cikin neman hanyar kama gudu. A shekarar 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa ta attajirin nan Leland Stanford, domin a raba gardama kan ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. Hotunan sun nuna akwai, kuma a lokacin ƙafafun a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba yadda masu zane suka saba zanawa. Muybridge ya daskarar da gudu ne domin a yi nazarinsa, kuma shekaru da yawa wannan ne burin kowa: a tsayar da komai cak.

Wani matashi Bafaranshe, Jacques Henri Lartigue, ya bi wata hanyar daban. Wajajen 1912 ya tsaya a gefen titi a wata tseren motoci a Faransa, ya bi mota mai lamba 6 da kyamararsa. Hoton ya fito a karkace: tayar baya ta zama mai tsawo ta jingina gaba, 'yan kallo da turakun gefen titi sun jingina ɗaya ɓangaren, gaban motar ma bai shiga ba. A ma'aunin zamaninsa hoton ya lalace. Sai da aka baje kolin ayyukansa a gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York a 1963 duniya ta san shi, yau kuwa da wuya a rubuta tarihin hoto ba a sa wannan mota ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na gasar Olamfik ta Rio a 2016. A wasan kusa da na ƙarshe na tseren mita 100, Usain Bolt na Jamaika ya waiwaya yana murmushi alhali abokan tserensa na ta fafutika a bayansa. Cameron Spencer, ɗan Ostareliya mai yi wa kamfanin Getty Images aiki, ya ɗauki wannan waiwaye da shota a kan 1/40. Fuskar Bolt da ƙirjinsa sun fito, ƙafafu sun baje, bayan fili ya zama zare. A wannan ɗan lokaci Bolt ya gusa kamar santimita 25, kyamarar kuma ta gusa tare da shi. Da Spencer ya bi hanyar da ba kasada, ya sa 1/2000, da an sami hoto mai tsabta irin ɗaruruwan da aka ɗauka a daren, da kuma ba wanda zai tuna da shi.

Aikin ƙugu ne, ba na yatsa ba

Saitin kyamarar ba shi da wuya. Ana murɗa ta zuwa inda mai hoto ke zaɓar saurin shota da kansa, ita kuma ta daidaita sauran. A Canon an rubuta Tv, a Nikon da Sony an rubuta S. Ana kunna fokas mai bin abu, wanda Canon ke kira AI Servo, sauran kuma AF-C, sannan a sa ta ɗauka a jere muddin yatsa na kan maɓalli. In gilashin kyamarar yana da na'urar hana rawa, a duba ko tana da saitin rakiya. A gilasan Canon da yawa shi ne lamba 2, wanda ke gyara rawar sama da ƙasa kaɗai, ya ƙyale juyawar gefe. In aka bar ta a saitin da ba shi ba, sai ta riƙa kokawa da hannun mai hoto.

Saurin da za a zaɓa ya danganta da abin da ake bi. Masu ɗaukar tseren motoci sukan fara daga wajen 1/250 su sauko zuwa 1/125. Babur ko a-daidaita-sahu a titin gari, 1/60 ya isa. Mai keke da mai gudu da ƙafa, wajen 1/30. Doki yana tsakanin 1/30 da 1/80, gwargwadon nisa da ƙarfin sukuwar. Duk sa'ad da aka rage sauri, zaren baya yana ƙara tsawo da kyau, amma hotunan da za a zubar su ma suna ƙaruwa.

Daga nan sauran aikin na jiki ne, kuma a nan ake gane wanda ya yi atisaye. Mai hoto zai buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya fuskanci wurin da yake so ya ɗauka, ba wurin da dokin zai fito ba. Sai ya murɗa ƙugu zuwa inda dokin ke tahowa, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, kyamara manne da goshi. Zai kama dokin a ido tun daga nesa, ya ɗora alamar fokas a kan fuskar mahayi, ya fara warwarewa tare da shi. Yana danna maɓalli a hankali lokacin da dokin ya zo daidai gabansa, kuma ba ya tsayawa. Ko an gama ɗauka, juyawar tana ci gaba har dokin ya wuce.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kayar da sabon shiga. Da zarar yatsa ya taɓa maɓalli sai jiki ya ƙame da kansa, a daidai lokacin da labule yake a buɗe. Hoto ɗaya ke nan ya tafi.

Akwai kuma sharaɗin da ba a iya kauce masa: abin da ake bi ya ratsa ta gaban mai hoto, daga hagu zuwa dama ko daga dama zuwa hagu. Dokin da ke tahowa kai tsaye ba a raka shi, girma kawai yake ƙarawa a ido. Saboda haka wanda ya samu wuri kusa da inda ake jinjina, wurin da kowa ke rububi, ya samu wurin hoton zamiya ne. Mai son hoton sukuwa gefen fili zai nema, wajen tsakiyar tazarar, inda dawakai suka kai ƙarshen gudunsu.

Doki ya fi mota wuya nesa ba kusa ba. Mota ƙarfe ce guda, duk sassanta tafiya ɗaya suke. Doki kuwa yana gaba yana sama yana ƙasa, wuya na lanƙwasa, mahayi na tashi a kan likkafa, alkyabba da wutsiyar rawani na kaɗawa ta wani ɓangaren. Ba yadda za a yi duka su fito. Wuri ɗaya ake nema ya fito tar, fuskar mahayi ko idon doki, sauran a bar su su baje. 'Yan lifida da 'yan sulke sun ɗan fi sauƙi, domin nauyin kayan yana rage musu tsalle, amma su ɗin ba kasafai suke sakin doki sosai ba.

Rana da ƙura

A ƙasarmu babban abokin gabar rakiya shi ne hasken rana. Barin labule a buɗe na 1/30 yana nufin haske mai yawa zai kwarara ciki. Tsohon ma'aunin masu hoto ya ce a tsakar rana, da ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) a kan 100, ƙofar haske ta gilashi a kan f/16 tana tafiya da shota wajen 1/125. In aka sauko zuwa 1/30, sai an tsuke ƙofar zuwa f/32, abin da gilasai da yawa ba su kaiwa. Sakamakon shi ne hoto fari fat, fararen riguna da rawuna sun ƙone ba sauran zane.

Maganinsa gilashi ne mai duhu da ake ɗaurawa a bakin kyamara, ana kiransa ND. Mai lamba 8 yana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin takwas, sai 1/30 ta yiwu da f/11 ko da rana na tsaka. Ba kaya ne mai tsada ba idan aka kwatanta da kuɗin kyamarar kanta, amma abin mamaki, da wuya ka same shi a jakar masu hotonmu.

Tsuke ƙofar haske har ƙarshe yana da wata illar. Duk ƙurar da ta kwanta a kan sensar kyamara sai ta fito baƙi-baƙi a hoto, kuma mai canza gilashi a filin hawa ko a cikin hazon hunturu ya san ƙura ba ta neman izini.

Matsalar hasken rana ce ta sa lokacin hawa yake da tasiri. Hawan Sallah, da ake yi da hantsi bayan an sauko daga Idi, da Hawan Nassarawa da shi ma ake fita da safe, suna faɗawa cikin rana mai zafi. Daushe kuwa da yamma ne, haske ya yi laushi ya koma ja-ja, kuma nan ne dabarar ta fi samun kanta. Ga bayan fili ma a shirye: rakiya ba ta yin kyau a gaban sarari fili ko farin bango, tana son launuka su cakuɗe, kuma taron da ya sha kayan Sallah ya fi duk wani bango da za a nema.

Wa zai biya kuɗin hoton da ya baje?

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Mai hoton da hakimi ko ɗan sarauta ya ɗauko haya, ba zane aka kira shi ya yi ba. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa a kan sirdi da jalala da kayan zagage, yana so a ga kowane zare, a gane fuskarsa da ta 'ya'yansa. In aka miƙa masa hoton da rabinsa ya baje, abin da zai ce shi ne hoton bai fito ba. Jahi kuma ba a maimaita shi don mai hoto ya sake gwadawa. Wanda ya yi kasada ya tashi ba ko ɗaya, ya rasa kuɗinsa, ya rasa mai gidansa.

Masu aiki da jaridu da kamfanonin dillancin hotuna suna ganin abin ta wata fuska. Hotunan hawa masu tsabta sun cika intanet, dubbai ne, kuma kusan duk kamarsu ɗaya. Wanda ke tsayar da idon edita shi ne wanda ke da motsi a ciki. Ƙwararru sukan raba ƙafa: su fara ɗaukar na tabbas da shota mai sauri, in sun san aikin ya samu, sai su sauko da sauri su yi kasada da rukunin mahaya na gaba. Masu kyamara biyu kuwa kowace da saitinta.

Sai ɓangare na uku, masu cewa wahalar me za a sha tun da kwamfuta na iya yi. Gaskiya ne, a Photoshop ana iya yanke doki a shafe bayansa cikin 'yan mintuna. Kamfanin Google ma ya sa irin wannan a wayarsa Pixel 6 tun 2021, inda wayar ke haɗa hotuna da dama ta ƙirƙiro zaren baya da kanta. Don hoton talla ko na ɗorawa a Instagram, ba laifi. Amma ido mai lura yana ganewa: ƙafafun dokin sun tsaya cak alhali duniya na gudu a bayansa, gefen rawani kuma ya yi kaifi irin na abin da aka yanka da almakashi. A aikin jarida kuwa maganar ta wuce ta kyau ko muni. Manyan kamfanonin labarai da gasar World Press Photo ba sa karɓar hoton da aka sauya abin da ke cikinsa, kuma daidai suka yi.

Mai waya ba a bar shi a baya gaba ɗaya ba. Wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da yawa suna da saitin Pro, inda ake iya zaɓar saurin shota. Matsalar ita ce ƙofar hasken yawancin wayoyi a buɗe take ko da yaushe, ba a tsuke ta, don haka da rana 1/30 ba ta yiwuwa. Dab da magariba ne, ko ƙarƙashin fitilun titi, wayar ke iya yin abin kirki.

Inda za a koya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran ranar hawa kafin a gwada. Sau biyu ake Sallah a shekara, hannu kuwa ba ya faɗawa da gwaji biyu. Titi yana nan kullum, cike da babura da kekuna masu tafiya a miƙe kuma da gudu kusan iri ɗaya, ga shi ba wanda zai yi fushi in hoto ya lalace. A dai nisanci bariki da shingen jami'an tsaro, domin kyamara mai bin ababen hawa a irin waɗannan wurare tana jawo tambayoyin da ba a shirya musu ba.

Wanda ya iya da babur sai ya koma filin folo. Katsina ta san wannan wasa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa. Ana gasa a Kaduna da Kano da filin Fifth Chukker na Kangimi, inda dawakai ke kai da komo a guje tsawon yamma, mai hoto ya samu damar maimaitawa har ya gaji. A Nijar akwai filin sukuwa na Yamai, da hawan Damagaram, da tseren raƙuma a bikin shan gishiri na Ingal. Raƙumi ma nasa darasin daban ne, don tafiyarsa ta fi ta doki rangaji.

Abu guda ne ba a wasa da shi. Mai kallo ta cikin kyamara ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefensa, dogon gilashi kuma yana ruɗar ido game da nisa. Dokin da ya kai ƙarshen gudu ba ya tsayawa don wani ya shigo masa hanya, filasha kuma tana iya firgita shi ya afka cikin jama'a. A filayen hawa da yawa har yanzu masu hoto cakuɗe suke da 'yan kallo, wasu suna kutsawa tsakiyar fili, dogarai na korar su da bulala.

Masarautu da hukumomin al'adu na jihohi suna iya magance wannan ba tare da kashe wani kuɗi mai yawa ba: a keɓe wa masu hoto wuri a gefen hanyar jahi, a ja igiya, a ba su shaidar shiga tun kafin ranar, a kuma hana filasha idan an sako dawakai.